Tarihin Lambobin Yaƙi daga Jiragen Ruwan Ingila zuwa Ƙasar Daura

Lambar yaƙi ƙaramin faifai ne na azurfa ko tagulla da hukuma ke bai wa wanda ya halarci wani yaƙi, ya rataya ta a ƙirji da ƙyalle mai launin da aka keɓe wa yaƙin. Ta bambanta da lambar jarunta, wadda sai wanda ya yi bajinta ta musamman ke samu, ta kuma bambanta da lambar girma da ake bai wa sarakuna da manyan ma'aikata. Aikinta shi ne ta shaida cewa wane yana wurin ranar da aka gwabza. Irin wadda aka sani a ƙasar Hausa ta samo siffarta ne a Ingila cikin ƙarni na 19, kuma sojojin ruwa na zamanin jirage masu filafilai, waɗanda iska ke turawa, suna da babban rabo a tarihinta. Masarautar Daura tana nesa da teku da ɗaruruwan kilomita, amma hanyar da lambar ta biyo har ta iso gidajen tsofaffin sojoji a Daura, Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa daga bakin teku ta taso.

Sakamakon jarumi a Daura kafin zuwan Turawa

Tun a labarin kafuwar gari akwai maganar saka wa jarumi. Kamar yadda labarin ya zo, Sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya kashe macijin rijiyar Kusugu, Bayajidda kuwa ya nemi aurenta a madadin haka. Takobin da ake dangantawa da shi yana cikin kayan tarihin da fadar Daura ke adanawa. A zamanin sarakunan da suka biyo baya, wanda ya yi fice a fagen fama yakan sami riga daga hannun sarki, ko doki, ko takobi, ko kaso mai tsoka daga ganima. Wanda ya daɗe yana nuna mazakuta ana iya naɗa masa rawani, kuma sarautar Kaura, wadda jagorancin mayaƙa ke hannunta, tana cikin mafi girma a fada. Makaɗa da maroƙa su ne ke riƙe da sunan jarumi, su sa shi cikin kirari, jikoki su gaji kirarin.

Wannan tsari yana ɗaukaka wanda ya yi fice. Dakaren da ya bi rundunar da ƙafa, ya riƙe baka da kwari, ya dawo gida ko ya kwanta dama a can, ba a cika tuna sunansa ba bayan 'ya'yansa sun shuɗe. Haka abin yake a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, bayan da Malam Ishaku ya karɓi Daura a zamanin jihadi, gidan sarautar Haɓe ya koma Zango da Baure. A Turai ma haka talakan soja yake har farkon ƙarni na 19.

Lambobin sojan ruwa na zamanin filafilai

Tsakanin 1793 da 1815 Ingila ta yi ta yaƙi da Faransa, kuma yawancin nasarorinta a kan teku ta same su. Daga 1794 gwamnati ta fara buga lambar zinariya don manyan kwamandoji da kyaftin-kyaftin na jirage. Mai hawa saman itacen jirgi ya ɗaure filafili cikin hadari, da mai ɗura igwa, ba su da rabo a ciki. Ladansu shi ne albashi da ɗan kaso daga kuɗin jiragen da aka kama.

Attajirai ne suka fara cike wannan giɓi da kuɗin aljihunsu. Bayan yaƙin bakin Kogin Nilu na 1798, inda kwamandan jiragen Ingila Nelson ya tarwatsa jiragen Faransa a gaɓar Masar, wakilinsa wajen rabon ganima, Alexander Davison, ya sa an buga wa kowa lamba: zinariya ga kyaftin, azurfa ga hafsoshi, tagulla ga sauran ma'aikatan jirgi. Bayan yaƙin Trafalgar na ranar 21 ga Oktoba 1805, inda jiragen Ingila 27 suka kara da jirage 33 na Faransa da Sifen, Matthew Boulton, mai gidan buga kuɗi a Birmingham, ya yi irin wannan kyauta. A ɓangaren sojan ƙasa, lambar yaƙin Waterloo da aka fitar a 1816 ita ce ta farko da gwamnatin Ingila ta bai wa kowane soja, babba da ƙarami, da sunansa a buge a gefenta.

Sojan ruwa sun jira har 1847, lokacin da Sarauniya Biktoriya ta amince a buga lambar da za ta haɗa yaƙe-yaƙen teku daga 1793 zuwa 1840. William Wyon ne ya zana ta. Azurfa ce mai faɗin milimita 36, da kan sarauniya a fuska ɗaya, ƙyallenta fari mai shuɗin gefe. A kan ƙyallen ake jera wasu siraran allunan azurfa, kowanne ɗauke da sunan yaƙi ko na jirgi da ranar gwabzawa. An amince da alluna iri 231. Daga cikinsu akwai na Trafalgar, da na luguden wutar da aka yi wa birnin Aljiyas a 1816, da na Navarino a 1827, inda aka hallaka jiragen Daular Usmaniyya da na Masar a gaɓar Girka, wanda shi ne babban yaƙin teku na ƙarshe da aka yi da jiragen filafilai zalla. Na ƙarshe shi ne na gaɓar Sham a 1840.

Sharaɗin samun lambar shi ne mutum ya kasance da rai, ya kuma nema da kansa. Ba a bai wa magada ba. Saboda haka aka raba wajen 21,000 kawai, kuma cikin dubban da suka halarci Trafalgar waɗanda suka karɓi allonsa ba su kai 2,000 ba. Wasu alluna mutum ɗaya ko biyu ne suka neme su, wasu kuwa babu wanda ya rage da zai nema. Akwai baƙaƙen fata cikin ma'aikatan jiragen nan. A jikin hasumiyar tunawa da Nelson da ke Landan an sassaƙa siffar wani baƙin sojan ruwa riƙe da bindiga, kuma William Hall, shi ma sojan ruwa, ɗan bayin da suka tsere daga Amurka zuwa Kanada, ya sami lambar jarunta mafi girma ta Ingila saboda abin da ya yi a Lucknow ta ƙasar Indiya a 1857.

Haɗuwar sojan ruwan Ingila da Hausawa

Bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, ta girke jiragen sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma daga 1808. Cikin shekaru hamsin da 'yan kai sun kama jiragen bayi wajen 1,600, aka 'yanta mutane kimanin 150,000, aka sauke mafi yawansu a Firitawun ta Saliyo. Akwai Hausawa a cikinsu. Hafsoshin wannan runduna ne kuma suka fara kutsawa cikin ƙasa. Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano da Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kuma rasu a Sakkwato a 1827, hafsan sojan ruwa ne. William Baikie, wanda ya kafa zangon Turawa a Lakwaja ya kuma kai Kano a 1862, likitan sojan ruwa ne. A Disamba 1851 jiragen rundunar suka yi wa Legas luguden wuta, aka kori Sarki Kosoko, kuma a 1861 garin ya koma hannun Ingila.

Cikin tawagar Baikie akwai wani laftanar mai suna John Glover, wanda jirginsu ya fashe a kan dutse kusa da Jebba a 1857. Da ya zama mai riƙon Legas, ya tara Hausawan da suka kuɓuta daga bauta a ƙasar Yarbawa ya kafa ƙaramar runduna da su a 1863. Daga wannan shekara Rundunar Sojan Nijeriya ke lissafa asalinta. A yaƙin 1873 zuwa 1874 da Asante, waɗanda fataken goro ke kira Tonawa, Glover ya bi ta Kogin Volta da Hausawansa yayin da Janar Wolseley ya nufi Kumasi da sojan ƙasa da na ruwa. Lambar wannan yaƙi, mai ƙyalle rawaya da baƙin gefe, an bai wa sojan ruwa da sojan ƙasa da kuma 'yan Afirkan da suka yi yaƙin. Ta haka Bahaushe ya shiga jerin masu karɓar lamba irin wadda Bature ke karɓa. A wannan lokaci jiragen yaƙi sun riga sun fara amfani da tururi, ko da yake yawancinsu ba su rabu da filafilai ba tukuna.

A 1892 aka fitar da lambar Gabashi da Yammacin Afirka mai zane iri ɗaya da na Asante, don ƙananan yaƙe-yaƙen 1887 zuwa 1900. Cikin allunanta akwai na Kogin Brass a 1895 da na Benin a 1897, inda sojan ruwa suka sauko daga jirage suka yi yaƙi a tudu, da na Neja a 1897, wato yaƙin Bida da Ilori. Kamfanin Neja na Turawan Ingila shi ma ya buga tasa lambar a 1899, azurfa ga Turawa, tagulla ga baƙaƙen dakarunsa.

Lambobin cin ƙasar Hausa

A 1897 aka ɗora wa hafsan Ingila Lugga kafa Rundunar Tsaron Iyakar Afirka ta Yamma, kuma ranar 1 ga Janairu 1900 ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja. Hausa ce harshen bariki, kuma Hausawa da Yarbawa ne suka fi yawa cikin dakarun. A 1902, zamanin Sarki Edward na Bakwai, aka fitar da sabuwar lamba ta aikin soja a Afirka, mai ƙyalle rawaya da baƙin gefe da koren layi biyu. Allunanta na Arewacin Nijeriya sun bi shekarun cin ƙasa daki-daki.

Allon 1903 shi ne na yaƙin Kano da Sakkwato. Kanar Morland ya taso daga Zariya da baƙaƙen sojoji fiye da 700, ya fasa Bebeji, ya shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, Sarki Alu yana kan hanyar Sakkwato. A Kwatarkwashi aka kashe Wazirin Kano Ahmadu, kuma hafsan Turawan da ya jagoranci wannan karo, Wallace Wright, ya sami lambar jarunta mafi girma. Ranar 15 ga Maris aka gwabza a Giginya ta Sakkwato, sannan a ƙarshen Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi tare da ɗaruruwan mabiyansa. Allon 1906 kuwa na Satiru ne da Haɗeja, inda Sarkin Haɗeja Muhammadu ya faɗi yana kare garinsa.

Katsina da Daura sun shiga hannun Turawa ba tare da an gwabza ba, don haka babu allon da ke ɗauke da sunansu. Abin da ya faru a Daura sauyin sarauta ne. Turawa sun dawo da Malam Musa na gidan Haɓe daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura, ɗansa Abdurrahman ya gaje shi a 1911 ya yi mulki har 1966. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba tsohuwar ƙasar Daura biyu. Samarin da suka faɗa ɓangaren Damagaram, wadda Faransawa suka ci a 1899, sun shiga rundunar baƙaƙen sojojin Faransa, suka dawo da lambobin Faransa.

Lambobin wannan zango suna ɗauke da tarihi mai nauyi. Wanda ya rataya allon 1903 yana iya zama bawan da ya sami 'yanci a bariki, kuma shi ne ya harbi 'yan'uwansa Musulmi a ganuwar Kano. Waɗanda suka faɗi a Giginya da Burmi ba su da lamba, sai waƙoƙi da labaran da aka adana a kansu.

Yaƙe-yaƙen duniya

A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Nijeriya sun yaƙi Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sannan aka kai su Gabashin Afirka ta jirgin ruwa, inda suka yi asarar rayuka mai yawa a Mahiwa cikin Oktoba 1917. Lambobin wannan yaƙi suna ɗauke da lambar soja, da muƙami, da suna, da runduna. Magatakardan bariki sukan rubuta sunan mutum haɗe da na garinsu ko ƙabilarsu, da rubutun yadda kunnen Bature ya ji. Shi ya sa sunayen garuruwan ƙasar Hausa suka cika rajistocin soja. Sanannen misalin sojan wannan zamani shi ne Samanja Chari Maigumeri, mutumin Barno, wanda ya fara aiki da Jamusawa a Kamaru, ya koma rundunar Nijeriya, ya halarci yaƙe-yaƙen duniya biyu, ya yi ritaya a 1953. Akwai bariki mai sunansa a Lakwaja.

A Yaƙin Duniya na Biyu 'yan Nijeriya fiye da 100,000 suka sa kaki, kuma ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗauki da yawa daga cikinsu. Daura a lokacin tana cikin Lardin Katsina da aka kafa a 1934. Sojojin sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, sannan runduna ta 81 da ta 82 suka tafi Bama, suka yi fama da Japanawa a kwarin Kaladan da Myohaung har 1945. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya kai musu ziyara a can. Waɗanda suka dawo, 'yan Bama, sun zo da tauraron Afirka ko na Bama da lambar ƙarshen yaƙi. Sai dai lambobin Ingila na wannan yaƙi ba a buga suna a jikinsu ba. Idan ɗayansu ta rabu da takardar sallamar mai ita, babu hanyar sanin ta wane ce.

Bayan samun mulkin kai

An kafa rundunar sojan ruwan Nijeriya a 1956. An buga lambar samun mulkin kai a 1960, sojojin da suka je Kwango tsakanin 1960 da 1964 suka karɓi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sannan dokar 1964 ta kafa lambobin girma na ƙasa irin su GCFR da GCON da MON. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya zo da nasa lambobin. Sojan da ya fi shahara daga Daura shi ne Muhammadu Buhari, wanda aka haifa a 1942, ya zama hafsa a 1963, ya yi yaƙin basasa, ya shugabanci ƙasa sau biyu, aka binne shi a Daura cikin Yuli 2025. Ranar tunawa da mazan jiya ta tashi daga 11 ga Nuwamba ta koma 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare, kuma ita ce ranar da tsofaffin sojoji ke fito da lambobinsu.

Masu tarawa da abin da ke ba lamba daraja

Tara lambobi ya zama sana'a da fannin bincike a Ingila tun ƙarni na 19. Gidajen gwanjo irin su Spink da Noonans a Landan suna sayar da su, gidan tarihin teku na Greenwich yana da tari mai yawa, rajistocin waɗanda aka bai wa kuma suna ma'ajiyar takardun gwamnati a Kew. Azurfar da ke jikin lamba ba ta da yawa. Darajarta tana ga suna da allo da rajista: a karanta sunan da ke gefe, a same shi cikin rajista, a tabbatar ya cancanci allon da ke kan ƙyallen. Allon da mutane kaɗan suka karɓa ya fi tsada nesa ba kusa ba. Allon Sham, wanda dubbai suka samu, shi ne mafi sauƙin samu cikin na sojan ruwa.

Nan ne masu jabu ke shiga. Gefen lambar 1847 ba ya ɗauke da sunan jirgin mai ita, don haka idan mutane biyu suna da suna ɗaya cikin rajista, ana iya cire allon Sham daga lambar ɗaya a maƙala allon yaƙin da ɗayan ya halarta. Ana kuma goge suna a buga wani, abin da ke rage faɗin lambar, shi ya sa masana ke auna ta su duba siffar haruffa. Lambobin mutum ɗaya sun fi daraja idan suna tare, kuma gogewa da yawa tana cinye zane. Ƙyalle kam ana iya sabunta shi ba tare da an rage komai ba.

Lambobin sojojin Hausa suna fitowa a irin wannan gwanjo. Wasu ba su taɓa isa hannun masu su ba, domin soja ya bar aiki ko ya rasu kafin a raba. Wasu an sayar lokacin matsi, wasu kuma sun ƙare a wurin maƙeran fari, tun da azurfa ce. Ga ɗan tarihi, kowace da ta ɓace ta tafi da suna, domin talakan da ya yi soja a 1903 ko 1917 da wuya a sami sunansa a rubuce a wani wuri ban da gefen lambarsa da shafin rajista.

Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba tare da izini ba. Gidajen da za su iya karɓar irin waɗannan kaya suna kusa: gidan tarihin Katsina da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, da Gidan Makama a Kano, da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi a Kaduna. A cikin gida kuwa, abin da ke kiyaye lamba shi ne a ajiye ta wuri busasshe, a bar ta tare da 'yan'uwanta, a haɗa ta da takardar sallama da littafin fansho da hoto idan akwai, a kuma rubuta cikakken sunan mai ita, da unguwarsu, da lambarsa ta soja, da yaƙin da ya je, tun dattawan da suka san shi suna raye. Lambar da ke tare da waɗannan bayanai ana iya bin sawunta har rajista, ta zama hujja cikin tarihin gida da na masarauta.